Makirfon da Arvo Ya Sayo Ranar Asabar

Kwalin ya ƙi buɗuwa, sai Arvo Lahtinen ya sa haƙori ya yage shi. Ƙarfe uku da minti ashirin. Da ƙarfe huɗu za a fara gasar, kuma Juniper ta faɗa ba da wasa ba: duk wanda ba a ji muryarsa ba, za a ba wani gurbinsa.

Juniper ce shugabar ƙungiyarsu ta mutum biyar a wani wasan yaƙi na intanet. Sunan aro ne, don a can ba mai amfani da sunan yanka. Shi ma da Pike suka san shi. Wata tara ke nan yana wasa da su duk Asabar, suna magana yana ji ta lasifika, shi kuwa sai dai ya rubuta amsa da yatsa biyu. Ya ce musu makirfonsa ya lalace. Ƙarya ce, bai taɓa mallakar ko ɗaya ba.

Jiya, wajen atisayen gasar, haƙurin Juniper ya ƙare. "Pike, kafin ka gama rubuta 'ga su nan a bayanki' ai an riga an binne ni. Gobe ko murya ko sallama." Ta bi maganar da dariyar nan tata ta hanci, wadda Arvo zai gane ko a tsakiyar kasuwa.

Shekararsa sittin da ɗaya. Ƙarfinsa duk ya ƙare a rumbun hatsi na bakin tafki a garin Thunder Bay, kuma kafin bara ko kunna kwamfuta bai iya ba. Sai ga shi ya daina shan giya, ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya zauna wata uku ana kashe shi a wasan nan kamar sauro, har hannunsa ya faɗa. Ƙungiyoyi sun fi dubu, amma ta Juniper kaɗai ya nema.

Ɗazu a shago, matar da ke sayarwa ta miƙo masa wani baƙin makirfo mai gindi. "Wannan cusa shi kawai za ka yi. Kana da abin saurare na kunne a gida, ko?" Ya gyaɗa kai ba tare da ya ji abin da ta ce ba. A mota ya dinga gwada murya: ya shaƙe ta, ya yi ƙasa da ita, ya ce "to" da "na ji" sau ashirin. Kalma biyun nan za su ishe shi. Ba wanda zai gane komai.

Ya cusa wayar a jikin kwamfuta. Wata 'yar fitila koriya ta kama a wuyan makirfon. Ya shiga ɗakin hirar ƙungiya da ƙarfe uku da rabi.

Shiru.

Ba kiɗan wasa, ba dariyar Juniper, ba surutun Dex, ɗan ƙungiyar da bakinsa ba ya hutawa. Lasifikar da ta yi masa hidima wata tara ta mutu murus. Ya buɗe shafin gyaran sauti, ya cika allon gaba ɗaya da rubutun da bai fahimta ba. Ya danna nan, ya danna can. Ya hura makirfon, ya ƙwanƙwasa shi, ya juya shi. Ya ga wani ɗan rami a gindinsa, bai san amfaninsa ba, ya mayar da shi kan tebur.

"To," ya ce da muryar aro. "Na ji." Ko motsi.

Huɗu saura kwata. Gumi ya jiƙe masa riga, ga shi a durƙushe ƙarƙashin tebur yana lalubar wayoyi. Ya zagi makirfon, ya zagi wanda ya ƙera shi, ya zagi gwiwoyinsa da suka ƙi miƙewa. Muryar aron tuni ta bi iska.

Huɗu saura biyar ya faɗa kan kujera. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da likita ya yi masa maganar hantarsa. Idan aka cire shi yau, ba sauran Asabar. Ba shi da wata ƙofa sai wannan.

"Na sake yi," ya ce wa ɗakin da ba kowa. "Kullum haka nake. Ranar da ake buƙatata, ba na nan." Ya share hanci da bayan hannu. "Shekara bakwai ban yi abin kirki ba sai tsare miki baya a wasan nan. Na so ko sau ɗaya ki waiga ki same ni a inda na ce zan tsaya. Ki yafe mini."

Ƙarfe huɗu ta buga. Koriyar fitilar tana nan tana kallonsa.

Ya ja numfashi, ya rufe shafin gyaran don ya rubuta musu ban kwana. Sai ga saƙonni jere a ƙarƙashinsa, sun fi talatin. Na sama duk na Dex ne: "Pike, muna jin ka!" "Kai, dattijo, daina hura mana kunne!" "Wannan zagin a wace makaranta ake koyar da shi?" Na ƙarshe daga Juniper ne, minti ɗaya da ya wuce.

"Makirfonka lafiya lau yake, sautin ne ya koma cikinsa. Ka sa abin kunne a ramin da ke gindinsa, Baba. Shekara bakwai ina ajiye da abin da zan faɗa wa mahaifina, kuma ba a rubuce zan faɗa ba."