Kwalbar da Ke Hannun Safwan

Alhaji Badaru ya ajiye wayarsa a kan tebur, ya tura ta gaban Safwan, ɗalibin da ya zo gidansa a unguwar Irving Park neman auren 'yarsa Ruwaida.

"Wane ne wannan?"

Safwan ya duba. Hotonsa ne, yana tsugune a kangon wata tsohuwar fada a kan dutse a Jamus, gonakin inabi shimfiɗe a ƙasa, kwalbar giya a hannunsa.

"Ni ne, Baba. Taron jami'a muka je, aka kai mu yawon buɗe ido. Wa ya turo maka?"

"Ba ruwanka. Mashayi zan ba 'yata?"

Hajiya Bebi, matar Alhaji, ta tsaya cak da farantin shayi a hannu.

"Wallahi ruwa ne a ciki," in ji Safwan. "La'asar ta yi, babu famfo a saman dutsen. Mai gonar ne ya wanke kwalba ya cika min, na yi alwala."

Alhaji ya buga tebur. "Ƙarya kake! Ina bayan katangar nan tun hawowarka, ban ga wata alwala ba!"



Hajiya ta ajiye farantin a hankali. "Alhaji, a makon taron nan ba Umara ka ce mana ka tafi ba?"

Alhaji ya jawo wayarsa, ya kife ta a kan tebur.

"To zamzam ɗin da ka kawo muke ta sha, ruwan ina ne?"