Takardar Jarumi Makhul

Makhul maƙaryaci ne, kuma butulu. Shekara hamsin yana cika ƙauyensu na Dutsen Labanan da labarin yadda ya kashe maƙwabcinsa Kasim, Badurze, a yaƙin basasa tsakanin Kiristoci da mabiya addinin Duruz. Saboda wannan jarumta aka ba shi kujerar gaba a coci.

Ran Lahadi wani malami ya zo daga Bairut yana tattara labaran tsoffin mayaƙa. Makhul ya murza gashin baki a gaban jama'a.

"Rubuta, ɗana. Sara ɗaya na yi masa!"

"Baba, akwai wata shaida?"

"Akwai mana," in ji Warda matarsa, wadda labarin ya daɗe da isarta. "Ga takardar da yake ɓoyo a ƙasan akwati. Ba mu iya karatu ba, amma tabbas lambar yabo ce."

Makhul ya kai hannu, malam ya riga shi. Ya karanta da ƙarfi:

"Ni Kasim, na ba mai ɗauke da wannan takarda amana. Baiwar Allah ce, mai yi wa matata kiwon tsutsar siliki. Kada wanda ya ɗaga mayafinta, kunya gare ta."

Warda ta riƙe haɓa.

"Ashe da shigar mata Kasim ya tserar da kai! Shi ya sa ka fi ni iya ɗaurin mayafi, Makhul."

Ba wanda ya zage shi. Kujerarsa kawai aka ɗauka aka kai ɓangaren mata. A can ya zauna har ya mutu.