Kiyashi a Bayan Rumbu

Ka ce hannu aka sa wa tsohonka. To, saurara, ba zan maimaita ba.

A ƙauyen da na tashi an yi wani tsoho mai amya, zumarsa har daga birni ake zuwa nema. Da shekaru suka ja sai ƙishirwa ta kama shi, ya shanye moɗa uku maƙogwaro na nan a bushe. Fitsari ya hana shi zaman majalisa. Rigarsa ta yi masa yawa. Wata safiya ya tarar kiyashi sun yi baƙi ƙirin a bayan rumbu, daidai inda yake tsugunawa. Ya share, washegari suka dawo. Ya sauya wuri, suka bi shi. Nan ya yanke cewa an binne masa wani abu, kuma bai zargi kowa ba sai ƙanensa da gonakinsu na gado suka haɗa iyaka. Ya haƙa wurin har gwiwa bai ga laya ba, ya ce lallai mai aikin gwani ne. Tun ranar ya daina cin tuwon gidan, don matar ƙanen tana shiga madafi. Gari yake damawa da hannunsa ya zuba zumarsa, safe da yamma. Zuma ai magani ce, in ji shi.

Ƙaya ta soke shi a babban yatsan ƙafa, ko ji bai yi ba. Wata biyu ciwon yana ruwa, ƙuda na bi. Ƙanen ya zo ya durƙusa ya ce, "Yaya, mu je a auna jininka." Ya dube shi ya ce, "Ka gaji da jira ne?" Sai da wari ya hana shi shiga sahu a masallaci aka ɗora shi a amalanke, ƙanen nan ne ke janye da shanun. A asibiti aka ce ciwon suga ne ya daɗe yana cinsa, kiyashin zaƙin fitsari suke bi. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Amyoyin suka ruɓe a kan ɗorawa. Gonar kuwa ƙanen ke nome masa, ya kawo damman har ƙofar ɗaki.

Tashi ka kai tsohonka a auna shi tun yana da ƙafa biyu. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.