Tulun Iri

A ƙauyenmu da ke kusa da Maradun, akwai wani tulu a ƙarƙashin gadon Inna, kakata, an liƙe bakinsa da laka. Waken iri ne a ciki, gauraye da toka don kada ƙwari su huda shi. Ko a shekarar da muka wuni kan tafasa da ƙuli, babu wanda ya taɓa shi. A gidanmu ba a cin iri.

Wata la'asar, bayan an tabbatar ruwan dam ɗin Bakolori zai shafe gonakinmu, na iske ta a tsakar gida tana tara abin da zai riƙe mu a inda za a mayar da mu: busasshiyar kuɓewa, kuka, daddawa. Ta ce in ɗauko tulun. Ta fasa lakar da gindin muciya, ƙamshin toka da tsohon wake ya taso. Ta sheƙe shi a faifai, sannan ta juye cikin buhun waken da muke ci.

Na ce, "Inna, kin haɗe su. Mi za mu shibka bana?"

Ba ta ɗago ba. "Da muna da gona sunanai iri, ɗiyata. Yanzu kau ya koma wake."

Amma tulun, sai ta wanke shi, ta naɗe a zanenta mai kyau.

Yau ni ma na yi jikoki a Talata Mafara, a kasuwa nake awon wake. Tulun yana ƙarƙashin gadona. Duk kaka nakan fito da shi in wanke, in mayar babu komai a ciki.