Ɗanɗanon Sabulu

Auta ta sa ƙwayar tsakanin haƙoranta ta gartsa. Babu ɗaci ko na misali. Sai wani santsi-santsi mai ɗanɗanon sabulu, da ɗan danshi a ciki. Ta tofar a tafin hannunta, ta tsaya tana kallon ɓaraguzan.

Baba yana kwance yana bin ta da ido. Wata huɗu ke nan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, komai a kan gado yake yi, Mama ce mai juya shi, mai kai fo da kawowa. Likita bai ɓoye musu ba: in jinin ya sake hawa ya buge shi karo na biyu, sai dai haƙuri. Yau da safe kuwa abin awon jini ya nuna ɗari biyu da goma, alhali ba a taɓa tsallake magani ko na rana ɗaya ba.

Kuma ba wai Auta ba ta san abin da take taunawa ba ne. Shekararta tara a kamfanin harhaɗa magunguna, a sashen da ake ƙera irin wannan ƙwayar. Ba kamar ta da ba ce, da ake sha sau uku a rana. Wannan ɓawo gare ta mai tauri wanda ciki ba ya iya narkarwa, da wata 'yar huda da ido bai cika gani ba. Ruwa ya shiga, magani ya riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan, yini da kwana. Ita da kanta ta kawo kwalbar farko, ta zaunar da Mama ta yi mata karatu: guda ɗaya kullum, kada a fasa, kada a daka, kada a tauna. Mama ta ce ta ji, ai ba yau ta fara jinya ba.

Auta ta zazzage sauran a kan faranti. Duk sun koɗe, jan ya koma ruwan hoda, rubutun jikinsu ya goge. Jabu. A aikinta babu kalmar da take ƙyama kamar wannan. Mutum ya zauna da hankalinsa ya cuɗa alli ya sayar wa tsoho mai shanyewar jiki, ya koma gida ya ci abinci ya ƙoshi. Tir da wannan hali.

Wanda ya kawo su ba sai ta tambaya ba. Sau biyu tana bugo waya ko a kawo ƙari, Mama na cewa akwai saura da yawa. To wa zai saya in ba Yaya ba? Shi da in ka aike shi sayen abu, shagon da ya fi kusa da inuwa yake shiga.

Ta ɗauki kwalbar ta fita. A tsakar gida ta sunkuya ta wuce ƙarƙashin igiya, inda Mama ta shanya ledojin da ta wanke, kamar kullum. Matar nan ko tsinken ashana ba ta yarwa sai ta ga ƙarshensa.

Shagon mai kemis na bakin layi, ƙudaje na yawo a kan kwalaben maganin tari, rana na dukan kwalaye ta taga. Kallo ɗaya ta yi wa wurin. Ta dire kwalbar a gaban mai shagon.

"Malam, ba ka tsoron Allah? Wannan ka sayar wa yayana?"

Ya juya kwalbar, ya karanta, ya turo mata abarta. "Hajiya, ni ko ajiye irin wannan ba na yi. Yayanki kuwa rabona da shi tun da ya sayi man zafi."

Ƙarya dai ba ta yi masa wuya, in ji ta a ranta. Ta ce su haɗu a gaban hukuma. Shi kuwa ya ce Allah Ya ba Baba lafiya, ya ci gaba da korar ƙudajensa.

A wurin aiki ta ba abokiyar aikinta guda biyar ta gwada. Kafin a tashi sakamako ya fito, kuma ya ɗaure mata kai. Ɓawon na gaskiya ne, hudar ma daidai take, aikin inji mai kyau. Maganin ne babu, kamar an tsotse shi. Wane irin ɗan jabu ne zai wahala ya ƙera ɓawo mai inganci haka, ya bar cikinsa wayam? Ta kira Yaya, bai ɗauka ba. Ta kuskure baki ya fi sau nawa, ɗanɗanon nan yana nan daram a harshenta.

Washegari da safe ta iso gida da sabuwar kwalba daga hannun da ta yarda da shi. Ta ba Baba guda ɗaya, ta tsaya har ya haɗiye. Sannan ta ɗauki tsohuwar ta nufi kwandon shara.

Mama ta fito daga banɗaki, fo a hannu ɗaya, ɗaya hannun a dunƙule yana ɗigar ruwa.

"A'a, ina za ki kai min su?"

"Zubarwa zan yi, Mama. Ba magani ba ne. Ki faɗa wa Yaya kada ya ƙara sayo wa Baba komai."

"Yayanki kuma? Me ya sayo? Ai naki ne da kika kawo tun farko, guda talatin, ko ɗaya bai ɓata ba." Ta buɗe tafinta, ga ƙwaya guda tana sheƙi. "Cikin Babanki ne ba ya narkar da su, yadda suka shiga haka suke fitowa. Ni kuwa ban ga dalilin asara ba, sai in tsamo a fo, in wanke tas da sabulu, in shanya, in mayar kwalba."