Yashin Kusurwar Hagu

Karo na uku ke nan na'urar shara ta gama zagaya ƙasan tafkin iyo na otal ɗin, yashi kuma na nan kwance a kusurwar hagu.

"Injiniya, gobe ne ƙarshe," in ji manaja. "In ta share tas, mun saya, tsoho ya huta. In ta kasa, ki kwashe kayanki."

Tsohon da yake nufi babana ne. Shekara ashirin da biyu yana wanke tafkin nan da raga mai doguwar sanda. Ni na ƙera na'urar, amma ban taɓa zaton nan kamfaninmu zai turo ni gwaji ba.

Na kwance matatar na'urar, na duba tayoyi, ban ga matsala ba. Har na ji wani sanyi a raina.

Baba ya tsuguna kusa da ni. "Abar taki gaggawa gare ta, kamar uwarki. Bututun ruwan can a karkace yake, shi ke tayar da yashin. Ki ce mata ta dakata, ya kwanta tukuna."

"Baba, in fa ta yi aiki..."

"Gyara mana."

Na ƙara mata daƙiƙa arba'in na jira a kusurwar. Washegari ta isa kusurwar, ta tsaya cak, sannan ta bi a hankali ta kwashe tas.

Kafin manaja ya buɗe baki, Baba ya juya ga sauran ma'aikata, sandarsa a hammata.

"Kun ga tsayuwar nan? Tawa ce."