Waya Ai Waya Ce

Motar da Rabilu ke ja tsakanin Dogon Dutsi da Kore Mairuwa ba tasa ba ce. Ta yayarsa Sahura ce, gadon mijinta marigayi, kuma da ita ake ciyar da marayun da ya bari. Tsohuwa ce, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Aibinta ɗaya a idon Rabilu: ba ta da kiɗa. Sauran direbobi na shigowa tasha ƙasa na girgiza, shi kuwa sai tarin fasinja yake saurare.

Da ya samu sabuwar rediyo da manyan lasifiku biyu da ake kira baful, sai 'yan tasha suka ce ya kai wa Munkaila mai waya, wanda ke gyaran wutar mota. Ya tarar da motoci jere a garejin, shi kuma Rabilu bai iya jira ba. Sai ya zarce kasuwa wurin abokinsa Luƙman, wanda shi ma mai waya ake ce masa, sai dai tasa wayar ta hannu ce.

"Ka iya ta mota?" in ji Rabilu.

"Haba, aboki! Waya ai waya ce. Kawo nan."

Luƙman ya yanke nan, ya ƙulla can, ya naɗe da leda. Kiɗa na tashi, sai fizibil ya tsinke, ɗan abin nan da ke katse wuta idan ta yi yawa don ya kare mota. Ya sa wani, shi ma ya tsinke. Luƙman ya yi tsaki, ya ɗauko jar waya ya ɗaure wurin tamau. "Yanzu ba shi ƙara tsinkewa har abada," ya ce. A wannan kam bai yi ƙarya ba.

Rabilu ya sha kiɗa ya more, sannan abubuwa suka fara rikicewa. Ya kunna fitila, hon ya amsa. Ya wayi gari batir ya mutu, sai an tura. Wata rana da hantsi motar na ajiye a ƙofar gida, makulli na aljihunsa, sai rediyon ta kunna kanta, muryar wata mace ta yi magana da yaren da ba Hausa ba, ba Faransanci ba. Sahura ta saki tsintsiya ta yi cikin gida da gudu.

"Rabilu, mi ka ɗauko muna? Doguwa ce ta shiga motag ga! Ka bi ta gindin wata tsamiya, ko?"

"Wallahi Yaya, ban sani ba. Tsamiya nawa ce bisa hanya?"

Maƙwabcinsu Abdulmajid, matashin ɗan kasuwa, ya ce babu wata doguwa, kiɗan ne ke jawo shaiɗanu, a koma sa karatun Alƙur'ani. Rabilu ya koma sa karatu, matar ba ta daina magana ba. Luƙman ya ce batir ne. Mai batir ya ce rediyo ce. Kan Rabilu ya ɗaure, har ya fara yi wa motar sallama kafin ya shiga. Ya tambayi kowa a garin, ban da Munkaila, don kunya yake ji a gane wa ya kai wa aikin.

Sahura kuwa ta samo turaren iska mai ƙarfi. Kowace safiya sai ta turara motar ciki da waje, har kujeru suka riƙe ƙamshin.

Ranar kasuwar Kore Mairuwa, mota ta cika da mutane da kaya. Sun yi nisa da gari, sai wata fasinja mai suna Fadila, wadda ke zaune gaba, ta fara shinshina.

"Direba, ina jin ƙaurin roba hwa."

"Turare ne, Hajiya. Na kariya."

"Wanga turare naku bai da daɗi."

Rabilu ma ya ji ƙaurin, ba tun ranar ba. Amma kullum yana gauraye da turaren Sahura, ya rasa gane wanne ne wanne. Sai ya ƙara murya ya ci gaba da tuƙi.

Can sai muryar matar nan ta yi magana sau ɗaya, rediyon ta ɗauke, hayaƙi baƙi ya turnuƙo daga ƙarƙashin sitiyari. Rabilu ya taka burki yana ihu kowa ya fita. Allah ya sa mutane suka tsira. Shi kuwa da ya tuna marayu, sai ya cusa hannuwansa cikin wutar yana ƙoƙarin fizge wayoyin. Da ƙyar aka janye shi. Yana tsaye a bakin kwalta, yana kallo, motar ta ƙone ƙurmus tare da kayan mutane.

Da aka jawo gawar motar, Munkaila ya duba, ya zaro jar wayar nan, ita kaɗai ba ta tsinke ba. Ya ce muryar matar kuwa a cikin rediyon aka ƙero ta, tana sanarwa ne duk lokacin da wuta ta shige ta, wutar kuma ko an cire makulli ba ta daina shigarta ba.

A asibiti, hannuwan Rabilu biyu a naɗe, Sahura ta zauna tana ba shi kunu da cokali, hawaye na zuba.

"Motar ta yi ta gaya muna ciwonta," ta ce, "ni ko ina toshe mata baki da turare."

Rabilu ya buɗe baki ya karɓi kunun. Shi da aka ba amanar ciyar da gidan, yau shi ake ba abinci a baki.

Jama'a, mu kai kowane aiki ga mai shi, ko da za mu jira. Idan fizibil ya tsinke ko ƙauri ya tashi, gargaɗi ne: a tsaya a nemi dalili, kada a rufe shi.